Gawayin gona da tambayar da Tchibarakaten ke yi

A 'yan shekarun nan masana harkar noma da sauyin yanayi suna yawan magana kan gawayin gona, wanda suke kira bayoca, wato gawayin da ake samu idan aka gasa kara ko ɓuntu ko itace a zafi mai kaiwa digiri 300 zuwa 700 ba tare da an bar iska ta shiga sosai ba, sannan a niƙa shi a binne a gona maimakon a hura wuta da shi. Hujjarsu ita ce tsiro yana zuƙar iskar kabon dayoksaid, wadda ita ce babbar mai ɗumama duniya, kuma idan ya ruɓe ko aka ƙone shi ya zama toka sai iskar ta koma sama, amma idan aka mayar da shi gawayi, wani kaso mai yawa na kabon ɗin yana iya zama cikin ƙasa ɗaruruwan shekaru. Baƙar ƙasar da mutanen da suka gabata suka bari a dajin Amazon na Burazil ita ce shaidar da aka fi kawowa, kuma a 2019 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da hanyar lissafa wannan kabon a cikin rahoton ƙasashe.

Dabarar tana da kyau, sai dai ba ko'ina take da gindin zama ba, kuma Tchibarakaten misali ne da ke fito da wannan fili. Wurin yana can arewacin jihar Agadas kusa da iyakar Aljeriya, kuma tun da aka gano zinariya a cikinsa a 2014 dubban mutane daga Nijar da maƙwabtanta suka yi sansani a inda babu gona, babu kogi, babu kurmi, ta yadda ruwa da abinci da makamashi duk a mota suke zuwa daga nesa. A irin wannan wuri buhun gawayi dukiya ne, domin da shi ake dafa shinkafa, da shi ake ɗora butar shayi a kan ɗan murhun waya sau da yawa a rana, kuma wanda ya ce a binne shi a ƙasa ba zai sami mai saurarensa ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne asalin gawayin, domin itatuwan ƙaya da ke bin koramun duwatsun Abzin suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma a ƙasar da ruwan samanta bai cika kai milimita 100 a shekara ba, kuma ana buƙatar aƙalla tan 3 zuwa 4 na busasshen itace kafin a sami tan 1 na gawayi. Duk shirin da zai sare bishiya mai rai domin ya binne gawayinta ya ci riba a takarda ne kawai.

Akwai kuma wani gawayin da bai kamata a haɗa shi da wannan ba, wato na ma'adini da kamfanin Sonichar ke haƙowa a Anu Araren kusa da Tchirozérine, wanda ake ƙonawa don bai wa Agadas da Arlit da ma'adinan yuraniyom lantarki. Shi wannan kabon ne da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru aka tono shi aka saki, saboda haka aikinsa kishiyar na gawayin gona ne.

Inda dabarar ke da amfani na zahiri a yankin shi ne lambuna, irin na Timia da Tabelot da Iferwan da na kewayen Arlit da Akokan, garin da ya shiga neman sabuwar sana'a tun da aka rufe ma'adinin yuraniyom na Cominak a ranar 31 ga Maris 2021. Gawayi yana da ƙananan ramuka masu riƙe ruwa da sinadaran taki, abin da ke da daraja ga mai lambun albasa da ke jawo ruwa da injin fetur, kuma garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu a rumfar masu sayarwa, wanda ba ya kama wuta da kyau, ba ya buƙatar a sare ko reshe ɗaya. Sai dai a haɗa shi da takin awaki ko na raƙuma a bar su su kwanta tare kafin a zuba, domin ɗanyensa yana iya zuƙe abincin shuka a farkon lokaci. Ya kuma kamata a auna ƙasar tukuna, saboda gawayin yana kashe tsamin ƙasa ne kamar yadda toka ke yi, kuma ƙasar hamada da ruwan sama bai wanke ba galibi ba ta da tsami, wani wurin ma kanwa ce ta yi mata yawa.

Babban aikin kuwa na kudu ne, inda jigawar gero ke da tsami da ƙarancin taki. A can ma ba da karan gero za a yi ba, tunda abincin dabbobi ne, da shi ake danni da zana, kuma binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa barinsa a gona yana kare ƙasa daga iska. Abin da ya dace shi ne tarin ɓuntun shinkafa da ke hayaƙi a bayan injinan Kano, da kacallar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru, waɗanda yanzu ma matsala ne ga mutanen wurin.

Kamfanoni irin su Microsoft suna biyan kuɗi don a binne kabon a madadinsu, kuma wannan kuɗi zai jawo 'yan kwangila zuwa Sahel ko ba jima ko ba daɗe. Tambayar farko da hukumomin muhalli na Agadas za su yi wa kowannensu ita ce daga ina kayan gashinsa za su fito, kuma wa ke amfani da su a yanzu. Game da Tchibarakaten kanta, tukunyar gas daga matatar Soraz ta Damagaram, idan ta isa can a farashin da mai haƙa zai iya biya, za ta ceci itatuwan Abzin fiye da kowane ramin gashin gawayi.