Kwikwiyo shi kaɗai a gida: wane abin wasa mai zubo abinci za ka bar masa?

1/
Masu kiwon karen gadi, ku matso kusa. Yau maganar kwikwiyon nan ce da ake kullewa tun bakwai na safe kowa ya fice, a dawo da magariba a tarar ya tattauna tiyon ruwa, ya yage takalmin maigadi, maƙwabta kuma sun wuni suna shan haushi har sun fara jin haushinka. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/
Na san akwai mai shirin rubuta "mutane na fama da abin kaiwa baka, kai kana zancen abin wasan kare." Na ji, ban kuma ce ƙarya ka yi ba. Amma wanda ya zare kuɗi ya sayi ɗan Boerboel ko German Shepherd don ya tsare masa gida ya riga ya ɗora wa kansa nauyi. Dabbar da ka tsare haƙƙinta yana wuyanka, duk mun taso muna jin hadisin matar nan da kyanwarta. Kuma kwikwiyon da ya girma cikin ƙunci, sau da yawa shi ne gobe yake fin ƙarfin mai shi, ya cafke almajirin da ya zo karɓar ɗumame.

3/
Taunar da yake yi ba iskanci ba ne, famfara yake. Haƙoransa na farko 28 ne, suna fara zubewa wajen wata 3 zuwa 4, na manya guda 42 su gama fitowa wajen wata 6 zuwa 7. Dasashi na masa ƙaiƙayi, dole ya gwaguyi wani abu, duka ba ya hanawa. In ba ka zaɓa masa abin taunawa ba zai zaɓa da kansa, kuma wayar janareto zai zaɓa.

4/
Abin da nake magana a kai roba ce mai rami a ciki. Ka cusa abinci, shi kuma sai ya lasa, ya tauna, ya mirgina kafin ya samu. Abincin da zai lamushe a kwano cikin minti ɗaya sai ya ɗauke shi lokaci mai tsawo. Kar ka ce wahalar da shi ake. A 1963 wani mai bincike, Glen Jensen, ya ga ɓerayen gwaji suna ci gaba da danna ƙarfe don samun abinci alhali ga irinsa a buɗe a gefensu. Daga baya an ga haka a dabbobi da yawa. Kyanwa ce dai ta ce ita ba da ita ba, a zubo mata kawai.

5/
Ra'ayina ke nan, kuma a kai zan tsaya: abin wasan da za ka bari da kwikwiyo ba kowa a gida dole ya zama guda ɗaya dunƙule, wanda ba ya kwancewa, ba ya ɓallewa, ba ya shiga maƙogwaro. Kyau da wayon ƙira duk suna bayan wannan. Galibin abin da ake tallatawa a Instagram ya faɗi wannan jarrabawar.

6/
Wanda ya fi suna shi ne Kong. Joe Markham na jihar Kolorado a Amurka ya fito da shi a shekarun 1970, bayan karensa Fritz, wanda ke tauna duwatsu yana lalata haƙoransa, ya maƙale wa wani guntun roba na ƙarƙashin motar Volkswagen. Ba talla nake musu ba, ba su san da zamana ba ma. Na kawo shi ne saboda launinsa yana koya maka abin da za ka duba a kowane iri: shuɗi da ruwan hoda roba ce mai laushi ta kwikwiyo, ja ta babban kare, baƙi ta masu muƙamuƙin da ba sa wasa.

7/
Mutanenmu suna son sayen baƙin tun farko, wai don ya daɗe. Kuskure ne. Ɗan wata 3 ba zai iya matsa shi ba, zai gwada sau biyu ya watsar ya koma kan takalmi. Ka danna farcen babban yatsa a jikin abin. In bai lotsa ko kaɗan ba, ya yi wa haƙoransa tauri. Da wannan gwajin ƙaho da kofato da ƙashin ƙafar sa da ake samowa kyauta a mahauta duk sun fita. Dafaffen ƙashi kuwa, musamman na kaza, tsagewa yake kamar allura. Kada ma a fara.

8/
Girma. A nan ake asarar kare. In abin zai iya shigewa bakinsa gaba ɗaya, ya yi ƙanƙanta. Su waɗannan manyan jinsin girmansu kamar ana hura su, abin da ya dace a wata 3 ya zama haɗari a wata 5. In kana shakka tsakanin biyu, ɗauki babban. Guntun roba in ya tsaya a hanji sai tiyata, alamunsa kuma amai, ƙin cin abinci, rashin kashi. Ka ga haka ka kai shi wajen likitan dabbobi a ranar, kar ka tsaya ɗura masa man ja.

9/
Ka ƙirga ramuka. Dole biyu, babba da ƙarami. Ƙwallo mai rami ɗaya yana iya zuƙe harshe ya riƙe, harshen ya kumbura a ciki, kuma an taɓa janye irinsa daga kasuwa a Amurka saboda haka. In kana cusa abinci kar ka toshe ƙaramin ramin da abu mai tauri.

10/
Na kwaikwayo sun cika kasuwa, kuma tunda dala ta yi sama na gane dalilin saye. Ka shinshina. In yana warin taya ko fetur, ajiye. Ka ja shi da ƙarfi, in ya yi fari-fari a wajen lanƙwasa ko ka ga layin haɗi yana buɗewa, kwana biyu ba zai yi ba. Gara guda ɗaya na ƙwarai da biyar na banza.

11/
Allunan nan masu murfi da ake turawa, irin na Nina Ottosson 'yar Suwidin, wallahi suna da kyau, amma na lokacin da kake zaune ne kana kallo. Haka tabarmar tsumma da ake ɓoye abinci a ciki, haka faifan roba na lasa. Ka fita, abinci ya ƙare, sai ya koma cin abin wasan kansa. Gorar ruwa da aka huda ma haka: dabara ce mai araha, a cire murfi da zoben wuya, amma ba a barin ta da shi. Ƙwallo mai nauyin gindi da ke zubo busasshen abinci in an ture shi ya yi, in dai babba ne kuma akwai fili. Cikin keji ƙara kawai zai yi.

12/
To me za a sa a ciki? Abincinsa na kullum. Ka auna na yini, ka ɗebi rabon safe ka cusa, maimakon kwano. In ka ba shi cikakken kwano sannan ka ƙara da wannan, ƙiba kake saya masa, kuma ƙiba a kwikwiyon babban jinsi gaɓoɓi take ci. Kayan daɗi na ƙari kar su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Dafaffen dankalin Hausa, kabewa, ɗan ayaba, dafaffen ƙwai, ɗan kindirmo mara sukari don liƙe baki, duk sun yi.

13/
Ban da albasa da tafarnuwa, ban da inibi da zabibi, ban da cakulan. Wato ragowar miya, kilishi da tsire mai yaji sun fita, ko da yana kallonka da idon tausayi. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba kuma a karanta jikinta: in ka ga an rubuta xylitol, guba ce ga kare, tana faɗar da sukarin jininsa cikin ɗan lokaci. Ita ce ake sawa a wasu cingam. Tunkuza ta gida mara gishiri ta fi min kwanciyar hankali, ɗan kaɗan.

14/
Duk bidiyon Turawa cewa suke ka cusa jiƙaƙƙen abinci ka sa a firiza ya daskare. Shawara ce mai kyau ga mai wuta. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, inda ake haura maki 40, jiƙaƙƙen abinci da ya rage a ramin roba kafin azahar ya fara tsami, kiyashi da ƙudaje sun yi sallama. In ba ka da tsayayyar wuta, ka tsaya a kan busasshe, ka liƙe bakin kawai da ɗan abu mai danƙo. Kullum a wanke da sabulu da tsohon burushin haƙori. Ruwan sha a inuwa, a kwanon da ba ya kifewa.

15/
Kar ranar farko ta zama ranar da za ka fita. Ka ba shi kana nan, a sake, yadda da ya taɓa abinci zai zubo. Kwana uku ko huɗu kana kallon yadda yake yi da shi, kana ƙara cusawa da ƙarfi a hankali. In kullum sai ka ɗau makullin mota yake ganin abin, zai gane alamar tafiyarka ce.

16/
Abin da masu sayarwa ba za su faɗa maka ba: wannan na cike minti 20 ne, ko 40 in ka iya cusawa. Ba ya cike awa 10. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne kwikwiyo na riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa. Ɗan wata 3 ke nan awa 3. Dole wani ya leƙo da rana, maigadi ko ƙaninka, ya fito da shi ya zaga.

17/
Ka jingina tsohuwar waya ta ɗauki bidiyon rabin awar farko bayan fitarka. In ya ci, ya kwanta, shi ke nan, kaɗaici ne kawai kuma ka yi maganinsa. In ko kallon abincin bai yi ba, yana kuka, yana dalalar da miyau, yana cizon ƙarfen keji, sai ka dawo sannan ya ci, wannan tsoron rabuwa ne. Sabon abin wasa ba zai taɓa shi ba. Sai an koya masa zama shi kaɗai daga minti 1, zuwa 5, zuwa 15, in ya ci tura a haɗa da likita.

18/
Masu Caucasian da Rottweiler, ku faɗa min a ƙasa wata nawa baƙin yake yi a bakin naku kafin ya tsage, ina son in kwatanta.