"Da Sauƙi" Ba Ma'auni Ba Ne

Ka tambayi Bahaushe mai ciwon fuka, wato asma, ya jiki, zai ce maka da sauƙi, ko da kuwa a zaune ya kwana yana neman numfashi. Wannan amsa tarbiyya ce mai kyau, amma likita ba zai iya tsara magani a kanta ba.

Don haka ne masana suka tsara gajerun takardun tambayoyi. Wadda ake kira ACT, da aka fitar a Amurka a 2004, tambayoyi 5 gare ta game da makonni huɗu da suka wuce, kuma maki 19 ko ƙasa da haka alama ce cewa ciwon bai lafa ba. Wata kuma, CARAT, daga Fotugal, tambayoyi 10 ce, ta haɗa asma da murar da ƙura ke tayarwa, domin sau da yawa tare suke zuwa.

Ra'ayina shi ne, fassara su zuwa Hausa kaɗai ba ta isa ba. Mazauna Ƙofar Dawanau da Gwammaja na shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin ababen hawa na hanyar Katsina, kuma da yawansu atishawa da toshewar hanci "mura ce kawai" a wurinsu. Wani da ajami yake karatu, wata sai an karanta mata. Idan mai karantawar ya sauya kalma ɗaya, makin ya sauya, maganin ma ya sauya.

Tantancewa na da ƙa'ida. Ana fassarawa, wani ya mayar da fassarar harshen asali a kwatanta. Sai a gwada da majinyata, a ji yadda suka fahimci kowace tambaya. Daga nan a auna makin da binciken likita da na'urar gwajin huhu, a kuma maimaita bayan 'yan kwanaki a ga ko amsa za ta tsaya.

Za a ce asibitocinmu na da buƙatun da suka fi wannan. Gaskiya ne, sai dai takardar da aka tantance ita ce kayan aiki mafi araha ga ƙaramin asibitin da ba shi da na'ura. Kano na da likitocin ƙirji a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da masana harshe a Jami'ar Bayero. Ya kamata su zauna tare su yi wannan aiki, su fara gwajin cikin hunturu, lokacin da ciwon ke tsananta.