Marubuta uku sun ishe ni

Wata sabuwar cuta ta kama ƴan bokonmu, daga Yamai har Damagaram: tara littattafai cikin salula. Kowane guruf na WhatsApp ka shiga sai an turo maka PDF ashirin, da jerin "littattafai ɗari da ya kamata ka karanta kafin ka mutu". Ka zauna a fada da mai ɗari ukun nan cikin waya, ka ce ya ba ka labarin guda daga farko har ƙarshe. Sai ya shiga hura shayi.

Ni ra'ayina a fili yake. Mutum ya zaɓi marubuta uku ko huɗu, ya zauna da su iyakar ransa, ya san su kamar yadda ya san hanyar gonarsu. Sauran ya leƙa su in ya samu sarari.

Wannan ba baƙon abu ba ne wajenmu. A makarantar zaure almajiri ba ya tsallake Ahalari sai ya tauna shi, sannan Ishmawi, sannan Iziyya, sannan Risala. Malamin da ya yi shekara talatin yana biya Risala bai ƙoshi da ita ba. Mu da muka bi ta lakwal muka raina wannan hanya, muka ce haddar aku ce. To, mene ne namu? Yaro ya haddace taƙaitaccen bayanin littafi don jarrabawar bak, bai taɓa buɗe littafin ba. Wa ya fi kama da aku?

Tunda an ambaci aku, na farko cikin nawa Abubakar Imam ne. Magana Jari Ce ba littafi ɗaya ba ne ga mai maimaita shi. Ɗan shekara goma sha biyu dariyar labarun yake bi. Ɗan shekara arba'in kuwa Waziri yake kallo, da yadda makirci ke girma a gindin sarauta, da yadda tsuntsu ya tsare Musa da zance kawai har ya hana shi fita zuwa halaka. Wanda ke koyar da yara sittin cikin aji ɗaya ya san darajar wannan dabara. Ga kuma Hausar kanta: in alƙalamina ya fara bin ginin Faransanci, shafi biyu na Imam ke maido ni gida.

Na biyu Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, ɗan Sawaba, wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. Sarraounia ta fito a 1980, a kan yaƙin Lugu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine. Da yawa fim ɗin Med Hondo suka gani, suna ji sun gama. Sai a karatu na uku ko na huɗu mutum ke fara rarrabe inda Mamani ya bi abin da ya faru da inda ya ƙara gishiri, ya kuma tambayi kansa dalili. Na uku Aliyu Namangi mai Imfiraji, wanda almajirai suka yaɗa waƙarsa kasuwa-kasuwa ba tare da intanet ba.

Na san abin da za a ce: wai wannan rufe kai ne, duniya faɗi gare ta. Wanda ya faɗi haka bai bi marubuci ɗaya har gindi ba. Imam da kansa ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya yi musu riga da wando na Hausa. Ka bi shi, zai kai ka Bagadaza. Ka bi Mamani, zai kai ka tarihin Arewa da Dogon Dutsi da na Sawaba da ba a cika koyarwa a aji ba.

Akwai kuma zancen aljihu, da masu jerin ɗari ba su son ji. Mushen da ke ƙauye bayan Dakoro, babu ɗakin karatu, babu wutar caja waya kullum, littafi nawa albashinsa zai saya a shekara? Uku da ya mallaka a takarda, waɗanda zai iya ba ɗalibi aro ya kuma zauna su yi gardama a kansu, su ne za su shiga aji. Ɗari ukun cikin salula ranar da wayar ta faɗa rijiya sun tafi.