Laimomin Cherbourg: Tsohon fim ɗin soyayya da ke tona shirun Faransa kan yaƙin Aljeriya

A ranar 27 ga Nuwamban 2025 ne Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya sanar da sabon tsarin aikin soja na sa-kai na wata goma ga matasan ƙasar, kusan shekara 30 bayan da gwamnatin Jacques Chirac ta yanke shawarar dakatar da aikin soja na tilas.

Ba a cika wata ɗaya ba bayan haka, sai majalisar wakilan Aljeriya ta amince da ƙudurin dokar da ya ayyana mulkin mallakar da Faransa ta yi wa ƙasar daga 1830 zuwa 1962 a matsayin laifi.

Labaran biyu sun fito ne daban-daban, amma akwai wani tsohon fim da ya riga ya haɗa su wuri guda: saurayin da aka sanya wa kakin soja, da kuma Aljeriyar da aka tura shi.

Sunan fim ɗin Les Parapluies de Cherbourg, wato Laimomin Cherbourg, wanda darakta Jacques Demy ya fitar a watan Fabrairun 1964. A shekarar ce ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, kuma shi ne ya fito da jaruma Catherine Deneuve duniya ta san ta.

An fi tuna shi da daɗin kiɗa da kyawun launuka. Sai dai wanda ya zura ido zai ga cewa labarin yaƙi ne, wanda aka bayar ba tare da an nuna ko harbi ɗaya ba.

Me ya faru a fim ɗin?

Labarin ya fara ne a watan Nuwamban 1957 a Cherbourg, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewa maso yammacin Faransa.

Geneviève budurwa ce mai shekara 17 da ke taya mahaifiyarta, Madam Emery, tsaron shagon sayar da laima. Saurayinta Guy bakanike ne mai shekara 20, yana zaune da gwaggonsa Élise da ta rene shi, wadda ciwo ya kwantar.

Sun gama shirya rayuwarsu da baki: za su yi aure, ya buɗe gidan mai, idan suka haifi mace su raɗa mata suna Françoise.

Ana cikin haka sai takardar kiran soja ta iso. Guy zai tafi Aljeriya na tsawon shekara biyu. Bayan tafiyarsa ne ta bayyana cewa Geneviève na ɗauke da juna biyu.

Wasiƙunsa suka yi ƙaranci. Shago kuma ciniki ya ja baya, ga bashin haraji ya taso Madam Emery a gaba har ta kai ga sayar da sarƙar wuyanta. Wanda ya saya, wani attajirin dillalin lu'ulu'u mai suna Roland Cassard, ya ga Geneviève ya nuna yana so, ya kuma amince ya aure ta duk da cikin da take ɗauke da shi.

Lokacin da Guy ya dawo a watan Maris na 1959 yana ɗingishi saboda raunin da ya samu a ƙafa, an sayar da shagon, uwa da 'ya sun bar garin.

Demy ya kasa fim ɗin kashi uku, ya sa musu suna Tafiya da Rashi da Dawowa, kuma kowane sashe ana rubuta wata da shekara a jikin allo. Kalandar nan ita ce mugun fim ɗin, domin babu wani mutum mugu a cikinsa.

Fim ɗin da ba a magana sai waƙa

Mai kallon fina-finan Indiya ko na Kannywood ya saba a dakatar da labari, a yi waƙa da rawa, sannan a ci gaba. A nan abin ya sha bamban. Tsawon kusan minti 90, kowace kalma rera ta ake yi, daga kalaman soyayya har zuwa gardamar gyaran mota a gareji da lissafin bashi. Kuma babu inda aka tsaya don nuna rawa irin ta fina-finan waƙa.

Michel Legrand ne ya tsara kiɗan. An naɗi sautin kafin a fara ɗaukar hoto, sannan jaruman suka riƙa motsa baki daidai da muryoyin mawaƙa. Muryar da ake ji daga bakin Deneuve, alal misali, ta mawaƙiya Danielle Licari ce.

Demy ya san salon zai ba wasu dariya, don haka ya riga su. A farkon fim ɗin, wani abokin aikin Guy ya ce shi ba ya son wasan da ake yi da waƙa, ya fi son silima, kuma da waƙa ya faɗi hakan.

Amfanin salon shi ne ya daidaita manyan abubuwa da ƙanana. Da yake da murya iri ɗaya ake rera alƙawarin soyayya da maganar haraji, mai kallo na gane cewa a rayuwar waɗannan mutane nauyinsu ɗaya. A ƙarshe ma harajin ne ya fi ƙarfi.

Launukan da ke haɗiye mutum

Fim ɗin ya buɗe ne da kyamara na kallon titi daga sama. Ruwa ya fara sauka a kan duwatsun daɓe, sai laimomi masu launi daban-daban suka shiga giftawa, ba a ganin fuskar kowa.

Hoton ya faɗi jigon tun kafin a ce uffan. Laima na tare ɗigon ruwa, amma ba ta hana hadari zuwa. Haka Madam Emery take ƙoƙarin kare 'yarta daga talauci da surutun gari, da abin da ke hannunta.

Mai tsara ɗakuna Bernard Evein da mai ɗaukar hoto Jean Rabier sun cika ko'ina da ruwan hoda da kore da shuɗi da ruwan lemo masu kashe ido. A wurare da dama, launin rigar Geneviève kan zo daidai da adon takardar da aka liƙa a bango.

Da farko abin kan yi kama da kwalliya kawai. Amma yayin da cikinta ke girma, matsin lamba na ƙaruwa, sai ta riƙa sajewa da bangon gidan uwarta, kamar ɗakin na haɗiye ta.

Akwai wurare biyu da motsin kyamara ya yi abin da baki ba zai iya ba.

Na farko shi ne daren da Guy ya faɗa mata labarin kiran soja. Suna tafe a lungu yana riƙe da kekensa, amma ƙafafunsu ba sa takawa, sulalewa kawai suke yi kamar ruwa ya ɗebo su. Daga wannan dare, ba su ne ke tuƙa rayuwarsu ba.

Na biyu a tashar jirgin ƙasa ne. Kyamara ta bi jirgin da ke ɗauke da Guy tana ja da baya, Geneviève na ƙara ƙanƙancewa a bakin tasha, har ta juya ta tafi. Mai kallo na ganin yadda mutum ke zama ɗigo a idon wanda ya yi nisa.

Wannan ne abin da ya fi damun Geneviève a kashi na biyu. Ta ɗauka rabuwar za ta kashe ta, sai ga shi tana raye, fuskar Guy kuma na dusashewa a zuciyarta in ba ta dubi hotonsa ba.

Fim ɗin kansa ya kusa gamuwa da irin wannan ƙaddara. Zaren da aka ɗauke shi a kai mai saurin koɗewa ne, sai a shekarun 1990 matar Demy, darakta Agnès Varda, ta jagoranci aikin dawo da launukansa bayan mutuwar mijinta.

Uwa, kuɗi da sabuwar Faransa

Masu karatun littattafan soyayya na Hausa sun san wannan kulli: talakan saurayi, attajirin manemi, da uwa mai lissafi.

Inda Demy ya kauce hanya shi ne bai ɓata kowa ba. Cassard mutum ne mai kunya da kirki. Madam Emery bazawara ce da ke tsoron ta ga 'yarta da goyo babu miji babu abin hannu. Ita ma Geneviève ba ɗaure ta aka yi ba, da bakinta ta amince, bayan watanni na jiran wasiƙa.

A gefe guda kuma ƙasar ce ke sauyawa. Shekarun nan na cikin lokacin da tattalin arzikin Faransa ke bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, motoci na yawaita, ƙananan shaguna na mutuwa. Shagon laima ya rufe, gidan mai ya buɗe.

Yaƙin da ba a kira sunansa ba

Yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke a ranar 1 ga Nuwamban 1954, ya kawo ƙarshe da yarjejeniyar Evian a watan Maris na 1962. Fiye da matasan Faransa miliyan ɗaya aka tura can ƙarƙashin aikin soja na tilas, kuma sojojin ƙasar kimanin 25,000 ne suka mutu.

Aljeriya na cewa mutanenta miliyan ɗaya da rabi ne suka rasa rayukansu, yayin da masana tarihi na Faransa ke kawo adadin da bai kai haka ba, amma dai na dubban ɗaruruwa.

Duk da haka, hukumomin Faransa ba su kira abin da suna yaƙi ba. Sun riƙa cewa aikin tabbatar da doka da oda ne. Sai a watan Oktoban 1999 aka kafa dokar da ta amince da kalmar yaƙin Aljeriya a hukumance.

Masu shirya fim ma sun ɗanɗana kuɗarsu. An hana nuna Le Petit Soldat na Jean-Luc Godard daga 1960 har zuwa 1963 saboda ya taɓo batun azabtarwa. Shi kuwa fim ɗin Gillo Pontecorvo na 1966 kan gumurzun birnin Aljiyas, sai a farkon shekarun 1970 aka fara nuna shi a gidajen silimar Faransa.

A irin wannan yanayi Demy ya ɗauki fim ɗinsa a 1963, shekara ɗaya bayan 'yancin Aljeriya. Ya bar kyamararsa a Cherbourg, ya nuna yaƙin ta ɓarnar da ya yi a gida.

Ana jin sa a wasiƙar da Guy ya ba da labarin kwanton ɓaunar da aka yi wa sojoji. Ana ganin sa a ɗingishin Guy, da yadda ya dawo da saurin fushi, ya yi faɗa da maigidansa a gareji, ya bar aiki, ya koma shaye-shaye. Babu wanda ya tare shi a matsayin gwarzo, garin ma bai damu ya ji abin da ya gani a can ba.

Sai dai wannan dabara na da iyakarta. A duk tsawon fim ɗin ba a ba wani ɗan Aljeriya fuska ko suna ko murya ba. Ƙasar da aka fi zubar da jini a cikinta ta zama wani wuri ne kawai mai nisa da ke raba masoyan Faransa.

Wannan giɓi ne har yau ke tsakiyar rikicin ƙasashen biyu. A 2017, lokacin yana ɗan takara, Macron ya kira mulkin mallaka laifin cin zarafin bil'adama. Bayan hawansa mulki ya amince da alhakin Faransa a kisan wasu fitattun mutane irin su lauya Ali Boumendjel, amma bai nemi afuwa a hukumance ba. Dangantaka ta ƙara tsami tun Yulin 2024, lokacin da ya goyi bayan shirin Maroko kan Yammacin Sahara, Aljeriya kuma ta janye jakadanta.

Haɗuwa a gidan mai

Ƙarshen fim ɗin ya faru ne a watan Disambar 1963. Guy ya auri Madeleine, yarinyar da ta yi jinyar gwaggonsa, ya kuma buɗe gidan man Esso da gadon da marigayiyar ta bar masa. Suna da ɗa mai suna François.

Cikin dare, dusar ƙanƙara na zuba, sai wata baƙar Marsandi ta tsaya shan mai. Geneviève ce a ciki cikin rigar sanyi ta alfarma, tare da 'yarta Françoise. Kowannensu ya cika rabin tsohon alƙawarin, amma a gidan wani.

A nan launukan nan masu kashe ido sun ɓace, fari da baƙi suka mamaye allo. Ruwan saman farkon fim ya daskare, kuma babu mai sayar da laima.

Hirarsu gajeriya ce, ta mutanen da suka zama baƙin juna. Yaron gidan mai ya katse su da tambayar irin man da za a zuba mata. Ta tambayi Guy ko yana son ganin yarinyar, ya nuna a'a. Ta ja mota ta tafi, shi kuma ya fita ya tari matarsa da ɗansa suna wasa cikin dusar ƙanƙara, kyamara na ja da baya.

Wannan rufewa ce ta yi tasiri a kan Damien Chazelle, wanda ya sha faɗin cewa fim ɗin na cikin abubuwan da suka haifar da La La Land na 2016.

Demy bai ce rayuwarsu ta lalace ba. Dukansu sun samu rufin asiri, wataƙila ma Guy ya fi samun kwanciyar hankali. Abin da ya nuna shi ne takarda ɗaya daga gwamnati ta sauya wa mutum biyu makoma, ta bar yarinya tana girma ba ta san mahaifinta ba.

Da yake sanar da sabon tsarin, Macron ya jaddada cewa matasan da suka shiga a cikin ƙasar Faransa kawai za su yi aiki, kuma babu tilas. Wannan tabbaci na da nauyi a ƙasar da har yanzu akwai tsofaffin da suka karɓi irin takardar Guy.

Su dai fim ya ba da labarinsu tun 1964. Abin da Aljeriya ke nema yanzu shi ne Faransa ta juya kyamara ta kalli ɗaya ɓangaren tekun.