Ciwon Daji Ne, Ba Sammu Ba

'Yan'uwana ɗalibai, a nan Abuja sau da yawa idan maganin ciwon daji bai yi aiki ba, sai dangi su ce sammu ne, su kwashi majinyaci zuwa wurin boka. Alhali ciwon dajin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, taurin kai gare shi. A kusan kashi 90 cikin ɗari na masu shi, ƙwayar gado mai suna KRAS ce ke lalacewa, ta dinga umartar ƙwayoyin jiki su hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. Ga tsoka mai tauri da ke kewaye ƙarin, tana tare wa magani hanya. A ganina, mu ɗaliban Hausa ya wajaba mu bayyana wa jama'a wannan da harshensu, domin rashin sani ya fi dare duhu.