LAFIYA UWAR JIKI: Barci Ma Magani Ne, Uwargida

 

A wannan wata zancenmu a kan ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne: ciwon baya, ciwon ƙugu, ciwon gwiwa, ciwon wuya da kafaɗa, da ciwon kai na ɓari guda. Likitoci suna kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata 3 yana damun mutum, ko yana tafiya yana dawowa. Da yawanmu mun sha ƙwayoyi, mun shafa man zafi, mun yi gashi da ruwan ɗumi. Amma akwai magani ɗaya da ba a saye da kuɗi, kuma shi muka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato barci.

Ki dubi yadda ranarki take tafiya. Ke ce ta farkon tashi, ke ce ta ƙarshen kwanciya. Kafin ki kammala wanke-wanke, ki shirya kayan makarantar yara, ki ba maigida abinci, sha ɗaya ta wuce. Ga mai jego ko mai goyo kuwa, tashin dare ba iyaka. Asuba na yi kin miƙe. Masana harkar barci sun ce baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Ki ƙirga naki da gaskiya, ki ga nawa kike samu.

Mun saba cewa ciwo ne ke hana barci. Haka ne, amma rashin barcin shi ma yana ƙara ciwon. A tsakiyar shekarun 1970 wani likita a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Dokta Harvey Moldofsky, ya gwada wannan a kan matasa masu lafiya. Duk sanda barcinsu ya yi nauyi sai a katse shi da ƙara. Cikin 'yan kwanaki suka fara kukan tsamin jiki da ciwon tsoka, da aka bar su suka yi barcinsu sai abin ya lafa. A shekarar 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka sun gwada matasa 25 da ɗumi a fatar ƙafa. Bayan an hana su barcin dare ɗaya, ɗumin da suka iya jurewa a baya sai suka ji shi da zafi. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke karɓar saƙon ciwo ya ƙara himma, sassan da ke sassauta shi kuma sun yi sanyi. A ƙasar Norway ma an bi mata sama da 12,000 na kimanin shekara 10, aka ga masu yawan matsalar barci sun fi kamuwa da ciwon nan na tsamin jiki gaba ɗaya da likitoci ke kira fibromayaljiya.

Dalilin shi ne, Allah ya halitta wa jiki hanyar rage raɗaɗi da kansa, kuma a lokacin barci mai nauyi ne jiki ke gyara tsoka da naman da suka gaji. Idan barci ya gaza, wannan garkuwa sai ta yi rauni, kumburi ya ƙaru, zuciya ta yi ƙunci. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo, haka abin zai yi ta zagayawa har sai an katse shi.

Addininmu bai bar mu a duhu ba. A cikin Suratun Naba'i Allah ya lissafa barci cikin ni'imominsa, ya sanya shi hutu gare mu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan sallar isha'i, kuma ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi cewa jikinsa da idonsa suna da hakki a kansa. Don haka neman isasshen barci ba lalaci ba ne.

Ga abin da za ki gwada:

1. Ki tsayar da lokacin kwanciya. Tunda asuba ba ta jiran kowa, dabara ita ce a kwanta da wuri bayan isha'i. Aikin da zai iya kwana, ki bar shi ya kwana.

2. Ki bar goro, shayi mai kauri, kofi da lemon kwalba irin su Coca-Cola daga la'asar. Suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda rabinsa kan kai kusan awa 5 a jiki bai fita ba.

3. Ki ajiye waya da kallon fim kafin kwanciya. Ki yi alwala, ki yi azkar ɗinki, ki rage hasken ɗaki, ki sauke gidan sauro.

4. Mai ciwon baya ko ƙugu, idan za ki kwanta a gefe ki sa matashi tsakanin gwiwoyinki. Idan rigingine ne, ki sa shi ƙarƙashin gwiwa. Katifar da ta lotsa a tsakiya kuwa, a yi ƙoƙari a sauya ta.

5. Ƙailula tana da amfani, amma gajeriya, minti 20 zuwa 30, kuma kafin la'asar.

6. Ki motsa jiki da rana, ko da tattaki ne. Yinin kwance yana ƙara sanƙarewar gaɓoɓi, yana kuma ɓata barcin dare.

Sai abu mai muhimmanci: ki yi wa maigida bayani cikin ladabi, ki raba wa manyan yara aikin dare, maza da mata. Mace mai lafiya ita ce ke riƙe gida.

Ki yi hattara da sayen ƙwayar barci ko Tramadol a kemis ba da takardar likita ba. Suna kama jiki, fita daga cikinsu kuma ba wasa ba ne. Barci yana rage ciwo, amma ba ya maye gurbin asibiti. Idan ciwon yana tare da zazzaɓi, rama, mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ki ga likita ba da jinkiri ba. Haka idan an ce kina minshari mai ƙarfi har numfashinki na ɗaukewa, ko kin yi wata da watanni barci ba ya zuwa. Masu sikila da masu juna biyu kuma su riƙa tuntuɓar likitansu kafin shan kowane magani.

Ki jarraba waɗannan na mako 2, kina lura da yadda kike tashi kowace safiya, sannan ki rubuto mana abin da kika gani domin 'yan'uwa su amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya a gidajenmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.