Idan Maganin Tsinka Jini Bai Kawo Sauƙi Ba, Ku Koma Wurin Likita

Akwai babbar jijiya da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu. Idan ta toshe, galibi gudan jini ne, kuma likita kan rubuta maganin tsinka jini irin su heparin ko warfarin. Sai dai a wasu lokuta ƙalilan, sankara ce ke tsirowa daga bangon jijiyar ta ciki har ta tare hanyar. Likitoci na kiran irinta sakoma. Wani likita mai suna Mandelstamm ne ya fara bayyana ta a 1923, kuma har yau 'yan ɗaruruwa ne aka rubuta labarinsu a mujallun likitanci na duniya.

To me ya kawo maganarta a Wudil? Domin cuta ce mai shigar burtu. Tana zuwa da haki, ciwon ƙirji, rama da tari, wani lokaci har da jini. A wajenmu tarin fuka ake fara zargi, kuma daidai ne, don shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. A hoton CT kuwa, tana kama da gudan jini sak.

Abin da ke damuna a matsayina na mai harhaɗa magunguna shi ne yadda iyalai ke yi idan sauƙi ya ƙi samuwa. Wani ya ninka ƙwayar da kansa, wani ya tafi kemis a canza masa, wani ya haɗa da jiƙo. Warfarin ba ya narkar da sankara ko nawa aka sha. Ninka shi zubar jini kawai zai jawo, wanda kan iya kaiwa ga rasa rai. Rashin saukin nan kansa bayani ne da likita ke buƙatar ji.

Saboda haka, idan majinyacinku ya shafe makonni yana shan maganin yadda aka tsara amma hakin na ƙaruwa, kada ku tsayar da maganin da kanku. Ku koma, ku faɗa wa likita, ku tambaye shi ko akwai buƙatar sake hoto ko turawa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ku riƙe tsofaffin hotuna da takardun gwaji, domin da su ake gane ko abin da ya toshe jijiyar yana girma. In sankarar ce, tiyata ce babbar hanyar magance ta, kuma ta fi yiwuwa tun ba ta bazu ba.